Mojito a Gaɓar Libreville

Daga Port-Môle muka shiga jirgin ruwa mai inji, muka tsallaka mashigar kogin Komo zuwa Pointe Denis. Abokin tafiyata Bahaushe ne haifaffen Oyem, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Yashi fari tas, ga dogayen benayen Libreville can tsallake suna ƙyalli. Na daɗe tsaye ina kallo.

A wata rumfa ta bakin teku na ga saurayi ya zuba ganyen na'ana'a a tambulan, ya yanka lemun tsami, ya sa sukari, ya ɗauko 'yar tabarya. Na rasa gane abin da ake shirin yi. Shayi ne, ko magani?

Abokina ya yi dariya. "Malam, mojito ke nan. Na Kyuba ne."

Yaron gwani ne. Ba ya kirɓa ganyen, dannawa yake a hankali don ƙamshi ya fito, wai in ya dagargaje sai ya yi ɗaci. Ya cika tambulan da fasasshiyar ƙanƙara, ya tsiyaya ruwan soda, ya juya da dogon cokali. Masu sha da barasa yana zuba musu farar rum kafin sodar. Ni ko kallon hulata kawai ya yi, ya mayar da kwalbar. Wallahi sanyin ya ratsa ni har ƙeya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rum ɗin daga rake ake yin ta, raken nan da muke dafa ruwansa mu yi mazarƙwaila. A tsibirin Barbados, tun wajen 1650, ake tsima baƙin ruwan da ya rage bayan an fitar da sukari, a tace tururinsa. A wancan zamani, bayi daga Afirka ke noman raken. A Havana ne haɗin mojito ya yi suna, musamman a gidan La Bodeguita del Medio da aka buɗe a 1942. Maganar bayi kuwa, ita ma Libreville, bayin da Faransawa suka ƙwato daga jirgin Elizia aka zaunar a cikinta a 1849.

Abokina ya ce mutanen kudancin Gabon ma suna da tasu giyar raken, musungu, ba sai sun jira ta Kyuba ba. Na nemi yaron ya sake haɗa mini irin na farko, ya ƙara lemun tsami.