Aiki daga gida a kan dutsen Arizona: zare

1/ Tunda na sa hoton dusar ƙanƙara kuke ta min tambaya ɗaya: "Ba a Arizona kake ba? Ai hamada ce." To ku gyara zama. Tun 2021 nake zaune a Flagstaff ina aiki daga gida. Kamfanin yana California, sau biyu kacal na taɓa taka ofishinsa.

2/ Flagstaff ba Phoenix ba ce. Awa biyu ce tsakaninsu a mota, amma hawa kake yi har mita 2,100 daga teku. Jos da muke kuranta sanyinta wajen mita 1,200 take. Mutanen garin ba su cika dubu 80 ba a ƙidayar 2020.

3/ Tsayin nan ba wasa ba ne. Satin farko ko bene na hau sai haki. Ruwa ma a kusan digiri 93 yake tafasa, shi ya sa wake ke taurin kai. Mai son garau-garau ya jiƙa waken tun dare.

4/ Arizona ba ta sauya agogo kamar yawancin Amurka, don haka awa 8 ce tsakanina da Kano rani da damina. In na rufe kwamfuta ƙarfe 5 na yamma, ƙarfe 1 na dare ne a gida. Hajiya da sassafe nake kiranta, ko kuma sai gobe.

5/ Daren garin kam sai wanda ya gani. Akwai dokar rage hasken fitilu saboda masu nazarin taurari, a nan aka gano Pluto a 1930. Sama takan yi kamar ta ƙauyenmu ranar da babu wata.

6/ Yanzu ga abin da ba ya fitowa a hoto: haya. Gandun dajin gwamnati na Coconino ya kewaye garin, filin gini kaɗan ne. A kan ɗan abin da ke akwai ga ɗaliban jami'a, ga mutanen Phoenix masu sayen gidan gudun zafi, ga masu Airbnb. Sai kuma mu, masu kwamfuta a jaka.

7/ Albashina da farashin California aka yanka shi. Na malamar firamaren da muke haɗa katanga da ita, da na nan aka yanka. Gida iri ɗaya muke nema. Kun san wanda mai gida zai zaɓa.

8/ Bara aka ƙara mata haya, ta tattara yaranta biyu ta koma Winslow. Kusan awa ɗaya take tuƙi kullum ta zo ta koyar da 'ya'yan garin da ta kasa zama a cikinsa, har ranakun da titi ke santsi da ƙanƙara. Tun ƙarshen 2020 majalisar garin ta ayyana dokar ta-ɓaci kan gidaje.

9/ Ba wanda ya taɓa faɗa min baƙar magana. Amma in aka tambaye ka aikinka a wajen aski ka ce daga gida kake yi, akwai wani ɗan shiru da ke biyo baya. Ni dai ban ga laifinsu ba.

10/ Ga kaɗaici. Ina iya kwana uku ban yi magana da kowa ba sai fuskokin Zoom. Ba mai shayi, ba majalisa, sai rugugin jiragen ƙasa na kaya da ke ratsa tsakiyar gari dare da rana.

11/ Maƙwabta ma sai 2022 na san su. Gobarar daji ta cinye gefen dutse, da damina ta sauka ruwa ya gangaro unguwanni da laka. Muka yi ta cika buhunan yashi tare. Ranar aka fara kirana da sunana.

12/ Masu cewa in nuna musu hanya, aikin yana da daɗi, ba ƙarya. Amma ku tambayi kuɗin haya kafin ku tambayi ƙarfin intanet.

13/ Jiya takardar sabunta hayata ta iso, an sake ƙarawa. Zan iya biya, mai gidan ma ya san zan iya. In na sa hannu, farashin da zai nuna wa na ƙasa da ni ke nan, shi kuma a gidan abinci yake aiki. Zuwa ƙarshen wata aka ba ni.