Ranar da na jawo jirgin ruwa bisa kwalta

Ni direba ne, mutumin Madarunfa. Na daɗe ina tuƙa mota tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa da kasuwannin ƙauye. Na ɗauki gero, na ɗauki awaki, na ɗauki amare da kayan ɗakinsu. Amma kayan da ya kusa halaka ni jirgin ruwa ne, kuma bisa tudu, inda babu gulbi babu tabki. Ga yadda abin ya faru, saboda wanda irin wannan aiki zai faɗo ma wata rana.

A shekarar 2016, cikin watan Afirilu, masuntan unguwarmu suka tara kuɗi don su sayi jirgin katako babba. Kowa ya san tabkin Madarunfa, ya san tarwaɗa da karfasar da ake kamawa ciki. Jiragensu sun tsufa, kullum ana su ana kwalfe ruwa. Suka yi shawara a sayo sabo daga Gaya, bakin kogin Isa, inda kafintocin jirgi suke. Wani ya saida akuya, wani ya ci bashi, har mata masu suyar kifi suka sa hannu. Ni aka ba amanar jawo shi, da ni da wani dattijon masunci da karen motata.

Motata Toyota Hilux ce, bayanta bai kai mita 2 ba, jirgin kuwa ya kai mita 8. Don haka muka ari amalanken ƙarfe mai taya biyu, wanda direbobi ke ce ma ramok, muka maƙala shi bayan mota. Ramok ɗin ba shi da birki nasa. Daga Gaya zuwa gida, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Madawa, tafiya ce ta kusan kilomita 700.

Ranar farko muka tafi sannu, muka kwana Ƙonni. Da safe dattijon ya shafa cikin jirgi, ya ce mini: "Ɗana, katako ya fara bushewa. Jirgi in ya sha rana da iska sai alluna su ja jiki, haɗi ya buɗe, ranar da aka sa shi ruwa ya yi ta yoyo. A jiƙa shi." Maganarsa gaskiya ce. Kuskuren nawa ne. Don in huta da tsayawa bisa hanya, sai na sayi ruwa tano biyu, kowane lita 200, na sa aka juye cikin jirgi. Ban tsaya na yi lissafi ba. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, ashe kilo 400 na ƙara ma kaina, kuma kaya ne da ba ya ɗauruwa da igiya.

Mun wuce Malbaza, muna hawan wani tudu kafin Galmi, sai na ji bayan mota ya yi sakayau. Ruwan nan duka ya gangara ƙarshen jirgi, ya danne bayan ramok, gabansa ya ɗaga, shina ɗaga bayan motata tare. Muna kaiwa bisa tudun sai ga wata babbar mota ta albasa ta gitta mu da gudu. Iskarta ta bugi jirgi. Na duba madubi na ga ramok shina kaɗa wutsiya, dama, hagu, dama, kowane kaɗi ya fi na baya. Tsoro ya kama ni, na taka birki da ƙarfina duka. Mota ta so tsayawa, jirgi bai so ba. Ruwa ya kwararo gaba, ramok ya turo mu, muka juya a gicciye, muka sauka kwalta. Muka tsaya cikin ƙura, taki kaɗan daga wani yaro da amalanken jakinsa. Har yau in na tuna idon yaron nan sai gabana ya faɗi.

Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Allo guda na gefen jirgi ya tsage. Dattijo ya zauna ƙasa shina salati, ni kuwa ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Abin da ke raina shi ne, da wane ido zan dubi matan da suka ba da kuɗin suyarsu.

Muna nan sai wani tsohon direban babbar mota ya tsaya. Ya zagaya ramok, ya leƙa cikin jirgi, ya girgiza kai. Ya ce: "Yaro, wa ya koya maka jan kaya?" Na ce: "Baba, ba kowa." Ya ce: "Ai na gani." Ya sa muka kwalfe ruwan sarai. Ya sa muka kwance ramok daga mota, ya ce in ɗaga bakinsa. Na ɗaga da hannu ɗaya, kamar faifai. Ya ce to nan ciwon yake, tun kafin ruwa ma. Muka tura jirgi gaba har sai da bakin ramok ya yi nauyin da ba ni iya ɗagawa sai da nishi. Daga nan ya karanta mini abin da na riƙe har yau, ga shi:

Na ɗaya, nauyi shi fi yawa gaban tayoyin ramok. Kamar kashi 1 cikin 10 na nauyin duka shi zauna bisa maɗaurin mota. In bakin ramok shina tashi da kansa, kada a tashi.

Na biyu, ramok maras birki kada shi wuce kilo 750, da shi da kayansa. Haka masu ƙera irin motata suka rubuta cikin littafinta. Namu da ruwan nan ya zarce haka nesa.

Na uku, in ramok ya fara kaɗa wutsiya, kada a danne birki, kada a yi kokawa da sitiyari. A riƙe shi daidai, a ɗaga ƙafa daga wuta, mota ta rage gudu da kanta.

Na huɗu, a gangare a sauka da ƙaramar giya, a bar tazara mai yawa tsakani da na gaba, don mota mai ja ba ta tsayawa inda ta saba tsayawa.

Na biyar, ban da ƙugiya a ƙara sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin maɗauri, a ɗaura jan ƙyalle ƙarshen jirgi, a riƙa tsayawa ana taɓa igiyoyi da tayoyi.

Game da bushewar katako kuwa, shi da dattijo suka daidaita. Muka sayi buhunan algarara da tabarmi a Galmi, muka jiƙa su, muka lulluɓe jirgi. Duk inda muka ga rijiya sai mu yayyafa guga biyu. Da rana ta take muka fake inuwa, sai la'asar muka ci gaba. Ban ƙara wuce gudun kilomita 50 ba har gida. Sannu ba ta hana zuwa.

Da muka isa ban ɓoye ma masunta kome ba. Na faɗa musu gaban sarkin ruwa, na biya kafinta daga aljihuna ya canza allon, ya toshe haɗi da tsumma da kwalta. Kwana uku jirgin ya yi jiƙe bakin tabki, katako ya kumbura, sannan aka shiga su da shi.

Ƴan'uwa direbobi, dattijo ya san jirgi, ni na san hanya, amma jirgi bisa hanya babu wanda ya san shi cikinmu, kuma na ji nauyin tambaya don kada a ce direba bai san aikinsa ba. In an ba ku kayan da ba ku taɓa ja ba, ko jirgi ne, ko injin ban ruwa, ko tankin ruwa, ku nemi wanda ya taɓa ja tun mota tana tasha. Matambayi ba ya ɓata.

Allah shi kiyaye mu da haɗarin hanya, shi ba masunta sa'a, amin.