Sulken Shuɗiyar Fata

A ƙarshen zangon karatu na biyu, bayan an gama jarrabawa, lokacin da ɗalibai ba su da aikin yi sai surutu, na tarar da yara huɗu 'yan aji biyar sun haɗa kai a kan teburi guda a ƙuryar aji. Na ɗauka caca ce. Har na miƙa hannu zan kwashe kayan, sai babbansu ya ce, "Malam, wallahi ba karta ba ce, yaƙi muke yi." Da na duba, ba komai a gabansu sai takardu da fensir da wani ɗan lido mai fuska 20.

Wasan sunansa Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ke jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, ɗan lidon nan kuma shi ke yanke hukuncin ko sara ya ci ko bai ci ba. Abin da ya tsayar da yaƙin nasu ran nan gardama ce a kan sulke. Ɗaya na son na mitiril, wani ƙarfe da babu shi a duniya sai a littattafan Tolkien, mai tsananin ƙarfi amma ba nauyi. Ɗayan ya kafe a kan adamantin, wanda ke dakushe mugun sara. Kuma ba a kasuwa ake tsintarsu ba: sai jarumi ya shiga uwa duniya ya nemo ƙarfen, ya sami maƙerin da ya san sirrinsa, ya biya zinariya, ya jira kwanaki.

Na tambaye su, "To, mene ne lifidi?" Shiru kake ji. Yaran nan fa duk a Kano aka yanke musu cibiya, kuma ba sallar da ba sa zuwa kallon hawan Daushe.

Ban yi musu faɗa ba, domin ni ma na taɓa farautar abin da ya fi ƙarfina. A Sharaɗa na tashi, zamanin da jiniyar kamfanoni ke tashinmu da safe, ma'aikata su cika titi a kan kekuna. Jujin bayan masana'antu shi ne ma'adininmu, kuma kayan yaƙinmu hawa-hawa ne. Kwali na talakawan mayaƙa ne, ruwan sama ɗaya ya gama da shi. Gwangwanin madarar gari shi ne kwalkwali. Murafun kwalba, idan aka daddake su da dutse aka huda da ƙusa aka jera a jikin buhu, sun zama sulke, har da ƙara yake yi in kana gudu. Ƙarfen ɗaurin dila kuwa takobi ne.

Amma sarkin kaya duka ita ce shuɗiyar fata, wato ɓalli-ɓallin da kamfanonin jima ke yankewa su zubar. Mu da muka saba ganin fata ja ko baƙa a hannun dukawa, muka ga wannan shuɗiya bau, mai sanyi, ba ta ruɓa, ba ta yagewa, sai muka yanke cewa tana da asiri. Samunta sai ka tsallake lambatu mai warin da ke hawa ka, ka kuma tsere wa maigadi. Sau uku ina zuwa ina dawowa hannu rabbana. A na huɗu na samo ƙyalle biyu, yayana ya ɗinke mini su da zaren buhu, na ɗaura a ƙirji ba ko singileti, tana ɗanya, ana rana. Kwana uku ina sarauta a layinmu. A na huɗu ƙirjina ya yi ja, ya feso da ƙuraje masu ruwa, ƙaiƙayi ya hana ni barci. Umma ta ɗauki sulken da tsinken itace ta jefa a masai, ta ce, "Ga sarkin yaƙi nan, fata ta kayar da shi." Sai da na girma na san ba aljani ba ne a ciki, gishirin kuromiyam ne da ake jima da shi, shi ke ba ta launin nan, shi ne kuma a cikin ruwan da ke bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa. Tabon yana nan har gobe.

Washegari na zo wa yaran da abin da na sani. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi ɗinki ne mai kauri da ake cusa wa audugar rimi, a lulluɓe doki da mahayinsa, kibiya ta maƙale a ciki ba ta kai ga nama ba. Sulke zobba ne na ƙarfe, ɗaya cikin ɗaya, dubbai, mai tsadar da sai sarki ke ba bawansa ko baradensa. Ruwan takobi da yawa daga Solingen ta Jamus yake ƙetaro Sahara, maƙeranmu su yi masa ƙota, dukawa su yi kube. Heinrich Barth ya tarar da wannan ciniki a Kano a 1851. Garkuwar Buzaye kuwa da fatar warwaji ake yinta, dabbar hamada mai dogayen ƙahoni wadda farauta ta ƙarar, har aka bayyana ta ƙare a daji a 2000, kafin a sake sakin wasu a Chadi daga 2016. Ga abu mai wuyar samu na gaske, ba sai an je Ingila aro ba.

Abin da na fi jaddada musu shi ne kowane ɗaya da irin cutarsa. Lifidi na tsare kibiya, amma nauyi gare shi da zafi, kuma wanda ya faɗo daga doki da shi ba ya tashi da kansa. A Tabkin Kwatto a 1804 dawakin Gobir sun fi yawa, sun fi kayan yaƙi, maharba a ƙasa suka watsa su. Mitiril ɗin nan nasu da ba shi da aibi ko ɗaya, ni a ganina shi ne mafi rashin daɗi a wasan.

Suka zauna suka sake jadawalin kayan. Warwaji ya hau sama, sai jarumi ya yi tafiyar wata guda zuwa Azbin. Lifidi ya sami lamba babba, amma an rage wa mai shi gudu. Da na ba su labarin shuɗiyar fata suka yi ta dariya, suka ce lallai a sa ta, ana ta cinikin lambar da za a ba ta. Mai jan labarin ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, Babanmu ya yi shekara goma sha ɗaya a kamfanin fata kafin a rufe. Har yanzu in sanyi ya shigo hannunsa tsattsagewa yake yi, sai Umma ta riƙa ba shi tuwo da cokali."

Ya ɗauki fensir ya rubuta da kansa: tana tsare sara biyu, amma duk kwanan da jarumi ya yi da ita a jiki, a cire masa ɗaya daga lafiyarsa. Sannan ya miƙo mini ɗan lidon ya ce in jefa.