Bakanike da Yaronsa

Tambuwal gari ne a kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega. A bakin hanyar nan akwai wani dattijo bakanike, yana da yaro guda mai koyon sana'a.

Ran nan wani direba mai jigilar mutane zuwa Kebbe ya kawo motarsa, ya ce ƙafarta tana ƙara. Da bakanike ya duba, sai ya ga ƙarfen da ke haɗa taya da jikin mota ya lalace. Makanikai suna kiransa lowa am. A gindinsa akwai roba, wadda ake kira bushin, nan ne ake ɗaure shi da noti. Robar nan ita ke murɗawa kaɗan-kaɗan in taya ta hau tudu ko ta faɗa rami.

Aka ɗaga mota da jak, yaro ya cire tsohon ƙarfe ya sa sabo. Direba yana ta cewa a yi sauri, fasinja na jira. Yaro ya ɗauki sifana zai ɗaure noti tamau, sai bakanike ya riƙe hannunsa.

Yaro ya ce, "Maigida, ashe ba ɗaurewa ta rage ba?"

Bakanike ya ce, "Dubi tayar nan, yaro, lilo take yi. In ka ɗaure yanzu, da an sauke mota sai nauyinta ya murɗe robar, ta zauna a murɗe dare da rana. Ba ta daɗewa za ta yage, mota ta riƙa karkata da mutane a ciki."

Suka kama notin sama-sama, suka sauke mota a kan ramin gareji, suka girgiza ta har ta zauna daidai bisa tayoyinta. Sa'an nan yaro ya shiga rami da sifana mai awo, ya ɗaure gwargwadon yadda masu ƙera motar suka ƙayyade. Bai bar shi sako-sako ba, kada ya kwance a hanya. Bai kuwa matse fiye da kima ba, kada haƙoransa su cinye.

Direba ya makara kaɗan, amma ya kai mutanensa Kebbe lafiya. Tun daga ran nan yaro bai sake ɗaure notin bushin mota tana bisa jak ba. Ya gane sanin ɗauri bai isa ba, sai da sanin lokacinsa.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin bushin?
2. Don me bakanike ya riƙe hannun yaro?