Yaron da Ke Ƙera Kamiyo

A Agadas, daf da tashar da manyan kamiyo ke lodin kaya zuwa Dirku, akwai wani ɗan kasuwa mai sarin shayi da sukari. Ɗansa na uku ya cika shekara bakwai, amma in an kira sunansa ba ya waiwayowa, in an zaunar da shi ba ya minti biyu bai zabura ba. Mushen lakwal ya gaji, ya maido shi gida. Bulalar makarantar allo ba ta ƙara masa komi ba sai kuka. Dangi suka ce iska ce. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, kuɗi suka tafi, yaro na nan yadda yake.

Abu guda ke tsaida shi: kamiyo. Da waya da gwangwanin tumatir yake ƙera nasa, ya jera su bisa tabarma, wuni guda ba gajiya.

Wani likita a Yamai ne ya faɗa wa uban sunan abin: otizim, wanda Leo Kanner ya siffanta a Amurka a 1943, haɗe da rashin natsuwar da ake kira TDAH. Sai a 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya yarda a tabbatar da su biyun ga mutum guda. Likitan ya ce: "Alhaji, ka sauka ƙasa ka yi wasansa, kada ka karɓe masa ragama."

Shawarar tana da tushe. Likita Stanley Greenspan ya shahara da koyar da ita: hankalin irin wannan yaro ba ya zama inda aka umarce shi, sai inda ransa ke so, don haka babba ne zai je can ya same shi. A Ingila an yi bincike da yara 152, aka koya wa iyayen rabinsu bin sawun ƴaƴansu cikin wasa. Sakamakon 2016 ya nuna amfanin bai gushe ba bayan kusan shekara shida. Sauƙi ne ake samu, ba waraka ba.

Abin da ya fi yi wa Alhaji nauyi shi ne kunya: magidanci da babbar riga, durƙushe cikin rairayi, maƙwabta na leƙe. Sati biyu yaron bai ko dube shi ba. Ran nan sai uban ya gitta takalminsa a kan hanya kamar shingen ƴan duwan. Kamiyo ya tsaya. Yaron ya ɗago kai, ya dubi idon ubansa, ya ce: "Baba, buɗe."

Daga wannan shingen aka shiga ƙirgan tayoyi, daga tayoyi aka kai ga jiran layi. Yaron bai koma lakwal ba tukuna, har yanzu yakan zabura. Amma kullum bayan la'asar Alhaji na bar wa yaron shagonsa ciniki, ya koma gida ya tuɓe takalmi. In abokan kasuwa sun yi masa ba'a, sai ya ce mai nema ba ya jin kunyar durƙuso.