Jikin da ke kan allo da jikin da ke zaune a benci

A makarantun sakandare na ƙasar Nijar da Faransanci ake koyar da ilimin jikin mutum. Yaro yakan haddace sunayen gaɓoɓi, ya zana zuciya da jan alli, ya ci jarrabawa, amma in an tambaye shi inda ƙodarsa take sai ya dafa cibiya. Jikin da ke kan allo daban, wanda ya zo da shi daga gida daban. A gida zuciya ita ce mai fushi da haƙuri, ciki kuwa shi ke ɗaukar laifin kowane ciwo daga ƙirji har mara. Aikin malami shi ne ya haɗa jikunan nan biyu su zama ɗaya.

Akwai wani malami a wata kwaleji ta jihar Maraɗi wanda ya daɗe yana fama da wannan aiki. Makarantar ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, yara kuma sun cika aji har bakin ƙofa. Ran da za a fara darasin jini, yakan biya wurin mahauta da sassafe, ya sayi zuciyar rago da huhunsa haɗe da maƙogwaro. A gaban aji sai ya zura bututu cikin maƙogwaron ya hura. Huhun ya kumbura, ya saki, ya sake kumbura. Nan take surutu ke ɗaukewa, gama gani ya kori ji.

Daga nan sai ya tsaga zuciyar, ya nuna ɗakuna huɗu, ya ce kowa ya taɓa bangon hagu da na dama. Na hagu ya fi kauri nesa. Ba ya faɗin dalili, sai ya jira. Da daɗewa wani zai gano: gefen dama huhu kawai yake tura wa jini, ga shi nan kusa, na hagu kuwa sai ya kai shi har yatsun ƙafa. Yakan gaya musu cewa Ibn Nafis, likita a birnin Alƙahira, ya bayyana hanyar jini ta cikin huhu tun ƙarni na 13, kuma a 1628 William Harvey na Ingila ya nuna cewa jinin kewayawa yake yi, ya fita daga zuciya ya komo gare ta.

Sa'an nan ya fitar da su fili. Kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ya ƙirga bugun minti ɗaya. Yawancinsu sukan samu tsakanin 60 da 100. Su zaga filin da gudu, su sake ƙirgawa, sai ga lissafi ya haura, ga haki. Me ya haɗa ƙafa da ƙirji? Tsoka ce ta nemi ƙarin iska, huhu ya ƙara ja, zuciya ta ƙara aikawa. A littafi babi uku ne, a jiki kuwa aiki ɗaya. In sun koma aji sai su lissafa da kansu: bugu 70 a minti, sau 60, sau 24, ya zama 100,800 a kwana guda, ba hutu.

Darasin da ya fi ɗauka da nauyi shi ne na zawo, domin babu ɗalibin da bai taɓa ganin ƙaninsa kwance da shi ba. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne, na jariri bai kai lita ɗaya ba. In hanji ya yi ta zubar da ruwa, jini ya ragu, zuciya ta shiga sauri amma bugunta ba ƙarfi, ƙoda ta riƙe fitsari, idanu su faɗa, maɗiga ta lotsa. A gidaje da yawa kuwa a lokacin ne ake hana yaro ruwa, wai kada zawon ya ƙaru.

Malamin yakan haɗa maganin a gabansu: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokali. A bangon ƙaramin hanji akwai wata ƙofa da ke shigar da gishiri in ya zo tare da sukari, ruwa kuma ya bi su cikin jini. Da irin wannan haɗi aka ceci ɗimbin masu kwalara a sansanin ƴan gudun hijira na yaƙin Bangaladash a 1971. Yakan ja musu kunne cewa gishiri in ya yi yawa illa ne, ƙunshin da ake bayarwa a likita ya fi daidai, kuma yaron da ya kasa sha a kai shi can ba da jinkiri ba.

Wata rana wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, “Mushe, in na faɗa wa kakata haka, cewa za ta yi boko ya ɓata ni.”

Ya ce, “Ƴata, kada ki yi mata gardama. Ta yi renon yara tun ba a haifi babanki ba. Ki haɗa ruwan, ki zauna kusa da ita, ki riƙa ba yaron cokali cokali. In ya yi fitsari, ki nuna mata.”

Bai manta da jarrabawa ba. Kalmomin Faransanci yana rubuta su a allo, yara su kwafa, gama da su za a tambaye su. Sai dai ya san cewa ba dukansu za su kai jami'a ba, likita kuwa ƙalilan ne za su zama. Amma kusan dukansu wata rana za su tsaya cikin dare a kan yaro mara lafiya, asibiti da nisa. Abin da suka taɓa da hannunsu a aji, shi za su tuna a wannan dare.