Ta Bakin Kanal

Asabar

Ruwan daren jiya ya cinye kwalbatin da ke kan hanyar ƙauyenmu, wadda ta ratse daga titin Karfi zuwa Bunkure. Da safe muka tarar an gitta itace da ƙaya, jar ƙasa ta rufta. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ya ce, "Malam, nan ne iyakata, sai dai ka bi ta bakin kanal." Na naɗe ƙafar wando na hau. Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, tudunmu shi ne gaɓar da aka tara wa kanal, duwatsu kuwa sai can wajen Rano. Turbar a kan gaɓar take, faɗinta na mutum ɗaya da kayansa. Dama ruwa, hagu gangare zuwa gonakin shinkafa.

Lahadi

Shinkafar Kawu ta isa zuba taki, ita kuwa ba ta san an rufe hanya ba. Motar taki ta sauke buhunan yuriya a bakin ramin, 'yan dako suka yi ta ɗauka a ka, kowane buhu kilo 50, a kan laka mai santsi. Na bi bayan wani saurayi ina kallon yadda yake kafe yatsun ƙafarsa a ƙasa kafin ya ɗaga ɗayar, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Wajen wata 'yar gada santsi ya kwashe shi, buhun ya gangara cikin ruwa. Kafin a ciro shi rabi ya narke. Kawu ya daɗe yana kallon buhun, sannan ya ce, "Tashi, ɗana, ba ka ji ciwo ba dai ko?" Ya biya shi kuɗin dakonsa cif. Da dare na ji yana lissafin abin da zai sayar ya cike gurbin.

Litinin

Yau na tafi a hankali, ina bin ruwan da ido. Wanda ke wucewa a babur ba ya lura da cewa ruwan nan babu injin da ke turo shi. Daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974, ya biyo babban kanal ta Ruwan Kanya, ya rarrabu zuwa ƙanana har ya shiga gonar mutum, duk da gangaren ƙasa kawai. An tsara kashin farko na wannan aikin ban ruwa ya shayar da kimanin hekta 22,000 a Kura da Bunkure da Garun Malam, a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Waɗanda suka auna wannan gangare sun yi aiki na ilimi, kuma har gobe muna cin moriyarsa: shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da rani. Abin da ke ci mini rai shi ne ruwa ya yi tafiyar kilomita masu yawa ya iso gona lafiya, amma kwalbati guda ya hana amfanin gonar fita.

Talata

An wuni ana ruwa. Ba wanda ya hau gaɓar sai mai larura.

Laraba

Kawu ya ja ni muka sauka ƙasan kwalbatin, ya ce in duba da idona. Magudanar da ya kamata ta kwashe rarar ruwa ta cushe da kacala, ta fi tsayin mutum, ga leda, ga yashi. A wani wurin ma an cike ta an dasa shinkafa a ciki.

Na ce, "Kawu, ashe ba ruwan sama kaɗai ba ne."

Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Ka toshe masa hanyarsa, ya ci taka."

Gaskiyarsa. Wanda ya ƙara kunya biyu a cikin magudana ya samu 'yan kwanoni, gari guda kuma ya koma tafiyar ƙafa.

Alhamis

Da hantsi na yi kiciɓis da mata masu turara shinkafa, kowacce da ƙullinta a ka, za su kai inji Kura. Na sauka gangaren na ba su hanya, muka gaisa. Bayansu wasu maza huɗu ne ɗauke da wata tsohuwa a kan ƙyauren ƙofa, an lulluɓe ta da zane, za a kai ta inda mota ke iya tsayawa. Ɗanta na gaba yana cewa, "Sannu Inna, mun kusa." Allah ya ba ta lafiya. A ƙasa kuma yara na ta wanka a kanal, abin da ke jawo musu tsargiya, na kira su na yi musu faɗa.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci mai unguwa ya kira gayya. Aka fito da lauje da shebur da adda, aka sare kacala, aka jera buhunan yashi, aka ɗora katako. Kafin magariba babur ya fara ƙetarewa, amma mota ba za ta taka wurin ba.

Damina na ƙarewa za a shiga dashen tumatir, kuma kayan gwari ba sa jira. Kwandon da bai isa kasuwar Kwanar Gafan da wuri ba, a gona zai ruɓe. Muna roƙon waɗanda alhakin hanyar nan ke wuyansu su zuba mana sabon kwalbati kafin kaka. Mu kuma manoma, don Allah kowa ya fitar da shukarsa daga magudana.